Yadda Loretta Ta Hana Littafinmu Fitowa

Shekara uku ke nan da ni da Dell Tuominen muka yi shelar cewa sabon littafin wasanmu, Dodon Tafki, zai fito da bazara. Bazara uku ta zo ta wuce. Mu biyu ne kamfanin gaba ɗaya, a wani ɗaki saman shagon gyaran keke a birnin Duluth na Amurka. Shi ke rubutu, ni Noreen ke gyara da kai wa maɗaba'a. Irin wasan nan ne da ake kewaye tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi, mutum ɗaya yana jan labari, a kuma jefa ɗan ludo mai lambobi ya raba gardama.

Masu tambayar dalilin jinkiri mukan ce musu zane ne bai kammala ba. Da ƙamshin gaskiya a ciki, amma ainihin dalilin sunanta Loretta Ostrowski.

Loretta tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce, ta ba saba'in baya, tana cikin mutum huɗun da ke zuwa kowace Asabar da hantsi mu gwada wasa kafin a buga. Wata takwas Dell ya kwashe yana tsara yaƙin ƙarshe, shafi sittin cur. Ranar gwaji ya gyara murya ya ce, "Ƙanƙara ta tsage, dodo ya taso, kowane haƙori kamar taɓarya. Kowa ya zare takobi!"

Loretta ta ajiye kofin gahawarta. "Ni ba zan zare ba. Tambayarsa zan yi ko ya ci abinci."

Dell ya ce, "Gwaggo, dodo ne fa."

"Dodo ba shi da ciki ne? Kai da bakinka ka ce shekara ɗari uku yana ƙarƙashin ruwa. Ko kai ne ai da faɗa za ka fito. Duba takardata, akwai miyar kifi a jakar jarumata."

Ya duba, ga miya kuwa a rubuce. Ya bincike shafi sittin ɗin nan, babu doka ko ɗaya kan ciyar da dodo. Dole ya ce ta jefa ɗan ludo, ta jefa, lamba mafi girma ta fito. Awa uku muka yi ana hira da dodo, yana ba da labarin jiragen da suka nutse a kansa, muna dariya har da hawaye.

Dell bai haƙura ba. Bayan wata huɗu ya dawo da dodon da ba ya cin abinci, Loretta ta saƙa wa dodon hular sanyi. Ya sake komawa ya mai da shi kurma. Ta ce, "Ɗan nan, shekara talatin ina raba wasiƙa," ta zauna ta rubuta wa dodo guda, da hannu mai kyau.

Wata Litinin na tsare Dell a ofis. "Malam, ko ka ba ni littafi, ko ka ba ni abin da zan faɗa wa mutane. Na gaji da ɗora wa mai zane laifi."

Ya kalli dusar ƙanƙara ta taga, ya yi murmushi. "Noreen, littafin da muka yi alkawari ya mutu tun ranar miyar nan. Gawa nake ta yi wa kwalliya. Wasan da muke yi ran Asabar ya fi shi daɗi nesa ba kusa ba."

A ranar muka rubuta wa masu jira gaskiya, cewa Dodon Tafki ba zai fito ba, muka ba su haƙuri, muka kuma ba su labarin abin da ya faru. Wasu sun ji haushi, kuma da gaskiyarsu. Wani daga birnin Tucson ya ce gemunsa ya yi furfura a jiranmu. Amma yawancin amsoshin tambaya ɗaya ce: yaushe za su ga dokar miya?

Da kaka muka buga ɗan siririn littafi mai shafi arba'in da takwas, wasan da ake cin nasara ta hanyar karɓar baƙo. Dell ya rubuta shi cikin mako shida yana fito. Ranar da kwalayen littafin suka iso, mai gyaran keke ya taya mu hawa da su bene, ya buɗe littafi guda ya karanta a tsaye, ya tambaya ko akwai sauran kujera ran Asabar. Muka ce akwai, amma sai dai ya zo da nasa kofin.