Ɗigon da ke Ƙarshen Benci

Ranar da aka raba sakamakon gwajin farko, Malam Evert ya ce kowa ya rubuta shekarunsa da makinsa, yau da kansu za su koyi jan layi. Ajin ƙididdiga ne na 'yan shekarar farko a jami'ar birnin Groningen, duk yara, babbansu bai wuce ashirin da ɗaya ba. Sai kuma Truus Hoekstra mai shekara sittin da biyu, wadda ta sayar da shagon furanninta bayan rasuwar mijinta, ta ce ita ma sai ta ɗanɗani jami'a.

Ba a sa suna ba, amma ina amfanin ɓoye suna? A kan allo kowa ya zama ɗigo ɗaya, shekaru a kwance, maki a tsaye. Ɗigogin yaran suka cunkushe a hagun allo kamar kaji a akurki. Can dama kuwa ɗigo ɗaya ne tilo, ya yi ƙasa, huɗu cikin goma. Kwamfuta ta ja layin da ya fi kusa da dukkan ɗigogin, layin ya gangara ya nufi nata.

Koen, wani dogon yaro mai bakin tsiya, ya miƙe ƙafa ya ce, "To, ilimi ya yi magana. Shekaru na hawa, maki na sauka. Kaka, ba ni na faɗa ba, layi ne."

Aji ya kwashe da dariya. Malam Evert ya dube su ya ce, "Akwai mai ja da layin nan?" Kowa ya shiga tattara littattafansa, har Truus.

Ta hau kekenta cikin ruwan sama tana hawaye. Ba dariyar ce ta fi ci mata rai ba. Ta kalli layin nan ta yarda da shi, shi ne abin da ya ƙona ta. Kafin ta isa gida ta gama yanke shawarar ba za ta koma ba, tsohuwa ta san matsayinta.

Sai dai Truus irin matan nan ce da in ka nuna musu ƙofa sai su jawo kujera. Washegari ta buɗe littafin don ta ga wannan layi da ya kore ta, uban wa ya ba shi iko. Ta yi ta fama da shi, tana cin burodi da cuku tana tsaki, har ta iso inda aka yi bayanin ɗigon da ya yi nisa da 'yan uwansa. Ashe kamar mai zama a ƙarshen benci yake, inda ya danna nan bencin zai karkata. Ta daɗe tana kallon shafin. Ran Litinin ta koma aji, ta zauna a gaba.

Sakamakon gwaji na biyu ya faɗo daidai ranar haihuwarta, don haka ta zo da kek ɗin tuffa ta ajiye a tebur, yadda kowa ke yi ran tasa. Malam Evert ya sake zuba ɗigogi. Na yaran suna nan a akurkinsu. Ɗigon dama kuwa ya haye sama, tara cikin goma, layin ya ɗaga kai ya bi shi.

Koen ya ɗaga hannu da kek a bakinsa. "Malam, wannan layin ƙarya ne. Ɗigo ɗaya ne ke jan sa. Bare ne, a cire shi."

"Ta fuskar littafi kana da hujja," in ji Malam Evert.

Truus ta juyo da kujerarta gaba ɗaya. "Yaro, haɗiye kek ɗina tukuna, kada ka shaƙe. Wancan karon ɗigo nawa ne ya ja layin?"

Koen ya haɗiye. "Ɗaya."

"Na wa?"

"Naki, Kaka."

"Da na ja shi ƙasa, ilimi ne ya yi magana. Yau na ja shi sama, na zama bare. To zaɓi biyu gare ka. Ko ka cire ni a duka biyun, ka faɗa da bakinka cewa layin da ka yi wa dariya ƙarya ne. Ko ka bar ni a duka biyun, ka je ka tsufa ko makinka ya gyaru."

Wata yarinya a baya ta tuntsire da dariya, sauran suka bi. Malam Evert ya ce, "Tambayar da na yi muku ke nan wancan karon, ba wanda ya amsa." Ya kai hannu kan kwamfuta, ya dubi Truus. "Ke kuma me kika zaɓa? In goge ɗigon naki?"

Ta san layin yau ma ba gaskiya ya faɗa ba, bai san komai game da tsufa ba, ita kaɗai ya sani. Ta san kuma saura ƙiris na farkon ya zaunar da ita a gida.

"Goge layin, Malam," ta ce. "Ɗigon kuwa ka bar shi. Ka ma matsar da shi dama kaɗan, yau na cika sittin da uku."