Ranar da Taka-Birki Ya Koyi Ladabi

Maigidana malamin tuƙi ne, kuma duk layinmu Taka-Birki ake ce masa. Mutum ne da bai taɓa zaton komai ba, komai saninsa ya yi. Idan ya ce za a yi ruwa sai rana ta ƙwalle, to gajimare ne suka yi kuskure.

Matsalarsa murya. Ɗalibai suka yi ta kai ƙara cewa yana daka musu tsawa, har wata ta fito daga mota tana kuka. Sabon manajan makarantar, wani matashi mai ƙamshin turare, ya kira shi ofis ya ce ƙara ɗaya ta rage masa, daga ita sai sallama. Ya kuma tura shi kwas ɗin Turanci, inda ake koya wa mutum fara magana da "I think" ko "in my opinion", wato ina jin, ko a ganina, don kada ya firgita kwastoma.

Hankalina ya tashi, domin aikin nan shi ne cinmu da shanmu. Ni da kaina na riƙa yi masa bita. Sai dai mutumin nan ba ya yin abu rabi da rabi. Ya kwaso darasin har gida, ya juye shi da Hausa.

"Baban yara, ka kashe gas?"

"A ganina na kashe."

"Ka kashe ko ba ka kashe ba?"

"Ina kyautata zato."

Haka muka zauna da wannan baƙon mutum, har na fara kewar masifarsa.

Ana cikin haka birkin gefen malami na motar koyo ya lalace. Maigidana ya gaya wa manaja. Bayan kwana biyu ya sake tambaya, manaja ya ce, "I believe an gyara."

Ran nan aka ba shi wata dattijuwa, uwar wani lauya, irin waɗanda ƙararsu ɗaya ta isa. Suna zagaya filin makaranta ta taka totur, mota ta miƙe ta nufi inuwar da manaja ke ajiye sabuwar motarsa. Maigidana ya danna nasa birkin, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba labari. Ya ce mini tsawa ta taso masa har maƙogwaro, ya tuna ni da yara, ya haɗiye ta.

"Mama, a nawa ra'ayin, idan ban yi kuskure ba, wannan da kika taka kamar ba birki ba ne."

"To wanne ne, ɗan nan?"

"Ina jin na tsakiyan zai fi..."

Bai ƙarasa ba. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, amma bayan motar manaja ya lotse kamar gwangwanin madara.

Manaja ya fito a guje. "Me ya hana ka yi mata ihu?"

Dattijuwa ta leƙo ta taga. "Kada ka ga laifinsa. Ban taɓa ganin yaro mai ladabi irinsa ba."

Manaja ya daɗe yana kallon fitilar motarsa a ƙasa. Can ya ce, "Daga gobe ka koma yadda kake."

Da yamma ina kicin na jiyo shi tun daga ƙofa yana faɗan wa ya bar keke a hanya. Yara suka watse. Ni kuwa daɗi ya kama ni har da ƙwalla.

"Baban yara, aikin yana nan?"

"Yana nan."

"A ganinka?"

Ya harare ni. "Na ce miki yana nan."