Koren Ruwan Idrisa

Shekarar da fari ya kori mutane daga ƙauyuka, Inna Delu ta iso unguwar Boukoki a birni daga ƙasar Tawa a bayan motar kaya, ƙashi da fata. 'Yarta Balkisa ta shimfiɗa mata tabarma a rumfar tsakar gida, kusa da inda mijinta Idrisa yake aiki.

Idrisa mai zane ne a ofishin gandun daji. Sojan da aka ɗora musu shugaba ya ce a zana ganye kore shar don bikin dashen itace, ganyen da za a ce a kai hannu a tsinka, a garin da akuya ke cin kwali. Don haka kullum da sassafe Idrisa yakan hau keke zuwa lambunan Goudel, ya roƙo ganyen ayaba da na mangwaro. Sai ya jiƙa takarda, ya fara sa fenti rawaya, ya bari ta sha iska, sannan ya bi da shuɗi sama-sama, ya bar jijiyar ganyen fara. Burushin kuwa a wani kwanon sha yake wanke shi, har ruwan ya koma kore. In ya gama ya ajiye kwanon a bakin rumfa ya tafi ofis.

Shi da surukarsa ba sa haɗa ido. Ya gaishe ta daga nesa a durƙushe, ta amsa tana kallon bango. Kunya ke nan, kuma kowa ya yaba musu.

Wata safiya tsohuwar ta kira 'yarta. "Balki, hwaɗa wa maigidanki jiƙon yau ya yi ɗaci."

"Wane jiƙo, Inna?"

"Wanda yake aje mini nan. Kullum ina shanyewa."

Balkisa ta dubi kwanon, babu ko ɗigo. Ta ɗora hannu a ka ta kwala wa mijinta kira. Ita a zatonta shi ke zubar da ruwan, shi kuma yana ta gode mata a zuci da wanke kwano. Tsohuwa ta ga ganye ta ga koren ruwa, ta ɗauka suruki ne ke haɗa mata magani yana jin nauyin miƙawa.

Kunya ta gudu. Idrisa ya sunkuci tsohuwar kamar jaririya, akwatin fentin a aljihu, ya tare tasi. A asibitin unguwa layin 'yan gudun yunwa ya kai titi, ga soja da bulala a ƙofa. Idrisa da ba ya iya ɗaga murya ko ga kaza ya ce, "Guba ta sha!" Sojan ya kauce.

Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya duba harshenta, ya danna cikinta, ya juya akwatin ya karanta bayansa. Sai ya fashe da dariya.

"Malam, wannan ai fentir ɗin 'yan lakwal ne, fentin 'yan makaranta. Yara na lasa kullum. Ba abin da zai yi mata. Yunwa ce ciwonta, ku ba ta abinci da ganye na gaske."

Idrisa ya zauna daɓas a kan siminti yana hamdala, hawaye na zuba, bai ma damu da masu kallo ba. Can ya lura har yanzu hannun tsohuwar na cikin nasa. Ya saki da sauri, ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska.

Suka shiga tasi su uku. Sai da suka kusa gida tsohuwar ta karkata wajen 'yarta, ta yi magana yadda zai ji.

"Hwaɗa mishi na ji abin da majo ya ce. Amma ni tun da na baro gida, wannan kwanon ne ya sa nike tashi da sahe."

Idrisa ya ce wa direba ya tsaya. Ya sauka ya nufi masu zogale.