Tambayar da Ta Harzuƙa Hureira

Wata uku da zuwan Hureira Kuala Lumpur wajen mijinta da ke karatu, zazzaɓi ya kama ɗanta Hisham. Cikin gaggawa ta yafa wani guntun gyale, maƙwabciyarta Priscilla, 'yar Kafanchan, ta raka ta wani ƙaramin asibiti a unguwar Setapak. Tun a mota take ta jan gyalen, don ta san bai rufe ta yadda ta saba ba.

Ma'aikaciyar da ke rubuta sunan marasa lafiya, wata 'yar ƙasar mai hijabi, ta ɗago kai ta ce, "Madam, are you covered?"

Nan take ran Hureira ya ɓaci. Da ɗan Turancin da take ji ta hau matar da faɗa, wai yaro ba shi da lafiya amma suturarta ake tuhuma. Duk masu jiran likita suka juyo.

Priscilla ta riƙo hannunta. "Maman Hisham, inshora fa take tambaya, ko akwai kamfanin da ke biya muku magani. Kalmar nan ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Murfin tukunya cover ne, bangon littafi cover ne, ko aikin wani kika riƙe masa, cover kika yi."

Kunya ta lulluɓe Hureira. Ta ba matar haƙuri. Matar ta yi murmushi, ta ce, "It's okay lah," wato ba komai, ta miƙa wa Hisham alewa. Har suka ga likita suka fito, Hureira ba ta iya sake haɗa ido da ita ba.