Shacin Kofin Shayi

Faifai uku aka riga aka buga na simfonin nan, wato dogon kiɗan taron makaɗa, da Cedric Trewin ya mutu bai gama ba, kuma Thelma Penhale ta saurare su duka a kicin ɗinta da ke Glenelg, tana feraye dankali tana tsaki. Kowane masani da irin wutsiyar da ya ɗaura wa kiɗan. Na farko ya cika shi da hayaniyar ƙahonni, na biyu ya ja shi har sai mai sauraro ya yi gyangyaɗi, na ukun kuwa ba a cewa komai. Abu ɗaya suka haɗu a kai: shafuka shida na ƙarshe da aka tarar a akwatin marigayin, waɗanda kowannensu ya gina ƙarshensa a kansu. Farfesa Kerslake har littafi guda ya rubuta, wai a nan ne tsohon ya yi wa duniya ban-kwana.

Shekara talatin da ɗaya Thelma ta yi tana kwafe wa Trewin rubutun kiɗa. Shi da fensir yake rubutawa, kamar tonon kaza, ita ta mayar da shi tawada tsaf, shi kuma ya jefa na fensir ɗin cikin murhu. Don haka duk abin da mutumin ya bari da hannunta yake. Kowa ya san wannan. Abin da ba a sani ba shi ne Trewin bai taɓa buɗe baki ya ce aiki ya yi ba. In ya duba shafi ya gamsu, sai ya ɗora kofin shayinsa a kusurwar dama, ya bar shaci. Masana sun ɗauka ƙazantar tsufa ce, har wani ya nemi a goge.

Shafuka shidan nan kuwa fes suke. Ita ta ƙirƙire su a makon da aka binne shi, don ta kasa jure ganin kiɗan ya tsaya a tsakiyar numfashi. Ta cusa su a akwatin ta ja bakinta, da farko don kunya, daga baya don tsoro. Shekara ashirin da biyu ke nan tana jin ana yaba wa mamaci aikinta, kuma abin yana cin ta.

Da aka zo ɗaukar faifai na huɗu, a wata tsohuwar majami'a cikin Adelaide, Kerslake ya gayyace ta. So yake ta sa hannu a takardar da za a buga a bangon faifan, cewa kowane shafi daga Trewin ya fito. Ta shiga tiram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, cikin zafin Fabrairu ta je. Makaɗa sun tashi hutun shayi, an baje shafukan asali a kan tebur don ɗaukar hoto, Farfesa sanye da farar safar hannu yana miƙa mata alƙalami. Ta ce masa ba za ta sa ba, ta kuma faɗi dalili a gaban kowa.

Da fari dariya ya yi, ya ce a kawo mata ruwan sanyi, rana ce ta buge ta. Ta ce ya ƙirga shacin. Ya dinga juya takardu, ɗari biyu da goma sha huɗu kowace da zobenta na shayi, sannan shida babu. Wuyansa ya yi ja. Ya rage murya ya shiga lallashi: littafinsa zai zama abin dariya, kamfanin zai iya fasa faifan, jaridu kuma za su kira ta maƙaryaciya, su shafe mata shekaru talatin na aiki.

"Sa hannu kawai, Thelma. Me za ki ƙaru da shi a shekarunki?"

"A shekarun nawa ne ba ni da lokacin jira, Farfesa. Kai da bakinka ka ce duk aikinsa babu shafukan da suka kai su. Ko ka janye ne, tunda ka ji na mai kwafe ne?"

Wata mai goge ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki. Thelma ta san duk abin da ya lissafa zai iya faruwa. Amma tsoron bai kai haushin ba.

Kerslake ya gyara tsayuwa. Ya ce to, in ma haka ne, ta yanke wa kanta hukunci: shafi marar shaci shafi ne da ba a duba ba.

"Babu wanda ya taɓa cewa sun yi, ke nan," in ji shi. "Ba su da wurin zama a faifan."

Thelma ta dubi kofin shayin da aka miƙa mata a lokacin hutun. Ta ɗan karkata shi, shayin ya zubo ya jiƙa gindin kofin. Ta jawo shafin ƙarshe, wanda ba a taɓawa sai da safar hannu, ta ɗora kofin a kusurwar dama, ta danna sosai, sannan ta ɗaga. Shacin ya fito raɗau.

"Na duba," ta ce. "Sun yi. Sai ku rubuta sunana."