Tortellin Signora Argia

Tecla ce ta ja mana. Tun muna 'yan mata ta yi aure a Genova, yanzu kuma duk zuwan da za ta yi Mantova sai ta mai da kanta baƙuwa a garin da aka binne cibiyarta. Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti ta sauka daga jirgin ƙasa, ta kafe lallai sai mun raka ta tsohuwar fada, ni da ƙawarmu Wilma. Muka bi ta ɗaki bayan ɗaki muna kallon zanen rufi har wuyana ya ƙage.

Na ce mata, "Ke Tecla, a ƙofar nan fa kika yi fitsari a wando ranar da makaranta ta kawo mu. Yau kuma hoto kike ɗauka?"

"Fiorenza, komai naki ya tsufa ban da bakin nan."

Wilma ko murmushi ba ta yi ba, hankalinta na kan kabewa. A garin nan ba a cin tortellin saye ranar jajiberin Kirsimeti. Matar gida ce za ta murza fulawa da hannunta har ta yi siriri, ta ƙunsa kabewa a ciki ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta saya kuwa, in aka ji, ta shiga bakin unguwa. Wilma ta shekara ashirin da ɗoriya tana yi, kuma kowace shekara tire biyu ake ajiyewa a teburinta: nata da na uwar mijinta, Signora Argia. Mijin nata, Ottavio, zai ɗanɗana nata ya ce, "Ba laifi, amma na Mama daban ne." Ko da ciwon ƙafa ya hana tsohuwar fita, shi ke zuwa gidanta ya ɗauko. Wilma ta roƙe ta sirrin haɗin har ta gaji, tsohuwar sai ta ɗaga yatsunta ta ce abin a nan yake. Ni abin haushi yake ba ni, amma ita buri ɗaya gare ta a duniya, ta ji Ottavio ya ce nata ya kamo.

Daga fada muka faɗa kasuwa. Tecla ta sayi safar hannu ta fata wadda ba ta shige ta ba, wai za ta saki. Wilma ta bi kabewa tana ƙwanƙwasawa tana kara kunne, sai da mai kayan ya tambaye ta ko akwai wanda take jira ya amsa daga ciki. Ta zaɓi ɗaya, ta rungume ta kamar jaririya. Muna fitowa ruwa ya tsinke. Muka kutsa wani lungu bayan coci, muka tura ƙofar wani ɗan gidan abinci mai tebur kaɗan. A garin nan aka haife ni, amma ban taɓa sanin da shi ba.

Tecla ta ce a kawo mata tortelli. Na ce ta ga irinta, sai baƙo ke cin wannan a waje. Aka kawo yana tururi, man shanu na naso. Ta ci ɗaya ta lumshe ido, ta tura wa Wilma farantin.

"Ɗanɗana mana, ke da kike malamar abin."

Wilma ta kai ɗaya baki. Ta tauna sau biyu ta tsaya. Na ga jini ya bar fuskarta, har na miƙa hannu zan buga mata baya, na zaci shaƙewa ta yi.

Ta ce, "Nata ne."

"Na wa?"

"Na Signora Argia. Ɓawon lemon nan, da yadda aka naɗe gefen. Ko a mafarki aka sa mini a baki zan gane."

Mai gidan abincin, wata gajeriyar tsohuwa da fulawa har gwiwar hannu, ta ji sunan tana wucewa. Ta dawo fuskarta a sake.

"Au, kun san Argia? Ya ƙafar tata? Ai ni ke yi mata tun tana amarya. Baiwar Allah, ko ƙwai ba ta iya fasawa ba tare da ɓawo ya faɗa ciki. A da ta ƙofar baya take zuwa da tirenta, in cika mata, kafin ta tafi kuma sai ta ɗebi fulawa ta yayyafa a gaban rigarta." Ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

Ba wanda ya taya ta. Tecla ta ajiye cokalin a hankali. Ni kam bakina a buɗe yake, ina tuna yadda Signora Argia ke shigowa gidan Wilma tana kakkaɓe riga tana kukan bayanta ya ƙage saboda aiki.

Wilma ta tambaya, muryarta can ƙasa, "Signora, yanzu da ba ta fita, wa ke karɓar mata?"

"Ɗanta mana. Yaron kirki. Tun yana ɗan makaranta yake rako ta ya riƙe mata tire. Yau ma ya ce zai kawo shi a ajiye." Sai a lokacin ta dube mu da kyau, dariyar ta gudu. "Ku su wa ne nata?"

Ba mu kai ga amsawa ba muka ji an buɗe ƙofar kicin ta baya. Ta tsakanin labule na hango Ottavio yana kakkaɓe ruwa daga hularsa, da tire a hammata, mai shuɗin fure, wanda Wilma ke wankewa ta mayar kowace shekara da godiya. Ya ɗago ya gan mu. Ƙaton mutum mai furfura, sai ga shi ya ɓoye tiren a bayansa kamar yaro.

Wilma ba ta tashi ba. "Ƙaraso, Ottavio. Gaida Tecla, daga Genova take."

Ya ƙaraso yana jan ƙafa, bai gaida kowa ba.

"Wilma, uwata ce. Babana ya mutu bai sani ba. Wannan kaɗai ne abin da take tinƙaho da shi a duniya, ya kike so in yi?"

"Ban ce ka tona mata asiri ba. Da sai ka yi shiru kawai. Wa ya sa ka dole ka riƙa faɗin abin da kake faɗi?"

"In ban faɗa ba sai ta kwana tana kuka." Ya matso ya rage murya, shi a ganinsa lallashi zai yi. "Ai naki ya fi daɗi. Na rantse miki. Tun shekarar farko naki ya fi."

Tecla ta toshe baki da hannu. Wilma ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ake yi wa wanda aka taɓa gani wani wuri aka manta ina.

"Tun shekarar farko," ta maimaita. "Shekarar da na kulle kaina a banɗaki ina kuka, kana jina ta bayan ƙofa."

Wilma ta miƙe tsaye.

"Da yanzu ka ce mini da gaske nawa bai kai ba, da na yafe maka, Ottavio."

Ta ɗauki jakarta ta fita cikin ruwan ba lema. Na bi ta da gudu, da ƙyar na cim mata a bakin lungun. Ba kuka take ba. Ta juyo ta tambaye ni ko har yanzu ɗakin 'yata ba kowa a ciki. Na ce ba kowa. Ta ce to, mu je.