Gurbin Auta a Jerin Gwano

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya san matsayin kowane bawa tun kafin a kafa kwamiti. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Bayan haka, a wata jami'a an yi wani jami'in kula da bincike wanda mahaifiyarsa ke kira Auta. Aikinsa shi ne ya nemo wa malamai masu tallafa wa bincike, ya gyara musu rubutun neman tallafin, sa'annan ya bi su ofis-ofis yana tuna musu wa'adi kamar ladan cikin unguwar masu nauyin barci. Yana da digirin dakta, amma ba ya shiga aji. Malamai suka ce ma'aikacin ofis ne. Ma'aikatan ofis kuwa suka ce mai gyara wa farfesa rubutu ba nasu ba ne.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Inna ta tsufa ba ta san aikinsa ba. In an tambaye ta ko koyarwa yake, ta ce a'a. Ko bincike yake, ta ce shi ma a'a. Sai a yi mata jaje irin na zaman makoki. Don haka da aka tashi buɗe sabon ɗakin gwaje-gwaje, wanda da guminsa aka samo shi, ya ɗauko ta don ta gani da idonta.

Al'adar jami'ar ita ce a shigo taro a jere, malamai a gaba da alkyabba da hula, ma'aikatan ofis a baya. Kwamitin biki ya sha zama a kan inda za a sa Auta, domin kowane ɓangare ya rantse ba a sahunsa ba. Daga ƙarshe aka yanke hukuncin da aka kira adalci: ya yi tafiya shi kaɗai a tsakani, da tazara gaba da baya, ya sa alkyabba saboda digirinsa, amma ya riƙe hular a hannu.

Inna na zaune a rumfar baƙi ta hango shi, kai ba hula, ba kowa kusa da shi. Matar da ke gefenta ta raɗa mata cewa wanda aka ware haka, lalle babban laifi ya yi.

Shugaban jami'a ya ɗaga almakashi ke nan zai yanke ƙyalle, sai ga tsohuwa ta dogaro sanda ta durƙusa a gabansa tana nuna Auta.

"Ranka ya daɗe, ni na haife shi. Ko me ya yi, a dubi maraicinsa. Tun yana ƙarami bai iya zama wuri ɗaya ba."

Shugaba ya karkata ya tambayi magatakarda ko wane ne wannan. Magatakarda ya ce maganarsa ta daɗe a gaban kwamiti. Da jin haka shugaba ya tabbata lamarin ba ƙarami ba ne, ya jawo lasifika.

"Tashi, Mama. Albarkacin furfurarki jami'a ta yafe masa. Amma kada ya kuma."

Aka ɗauki tafi. Farfesan da Auta ya sake wa rubutu tun daga take har sa hannu ya share ƙwalla, ya ce shi ma ya yafe. Auta ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga hasken da ke fuskar Inna, sai ya sunkuya ya yi godiya.

A mota ya fara warware mata yadda abin yake, ta ɗaga masa hannu.

"Bar shi, Auta, yau na gane aikinka. Kai ne wanda suka ajiye don in abu ya ɓaci a samu mai laifi. Ka riƙe shi da kyau, irin wannan aiki ba ya ƙarewa."

Ya tuna tarukan ƙara wa juna sani da ya halarta a kan ma'anar sana'arsa, bai tuna wanda bayaninsa ya kai na Inna ba. Ya ce, "To, Inna."

Ta rasu tana mai natsuwa da shi. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta da na magabatanmu baki ɗaya. Kai kuma mai karatu, Allah ya ba ka gurbi a sahun bayinsa na gari, inda ba a ware kowa. Amin.